Hotunan kai amarya sun ƙi fita, laifin ISO ne ko na fokas?

Auta Mai Hoto:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a agaza mini, kaina ya kulle. Daren Asabar na je ɗaukar kai amarya a wani ƙauye can bayan Ringim, inda sai babur ke shiga. Garin ba lantarki, ƙaramin janareta aka tayar, ƙwai biyu a tsakar gida, ɗaya a bakin ɗakin amarya. Kyamarar Canon 600D nake riƙe da ita, ta hannu na saya bara, da lens ɗinta na gado, 18-55. Da rana lafiya lau take aiki. Ana yin magariba sai ta birkice: in danna, lens ya tafi gaba ya dawo baya, zuu zuu, ya ƙi tsayawa, ita kuma ta ƙi ɗauka. Da aka fito da amarya a lulluɓe ana rangaɗa guɗa, na danna ya fi sau goma, shiru. Da ta ga dama ta ɗauka, katangar bayansu ce ta fito tar, har tsagar da damina ta yi mata ana gani, mutanen kuwa kamar fatalwa. Na ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske, har 6400 ko za ta gani, sai hoton ya cika da yashi-yashi. Cikin guda 140 na dare, waɗanda zan iya nunawa ba su kai 30 ba. Yayan amarya ya kira ni sau uku yau ban ɗaga ba. Kyamarar ce ta mutu ko ni ne?

Ɗan Gumel:
Wa alaikumus salam. Auta, kyamarar da ta fito tun 2011 kake kai wa aikin dare? Lokacin ma kana firamare. Sayar da ita ka cika ka sayi marar madubi. Ni Sony a7 III ɗina ko rijiya ka shiga da ita sai ta kamo idon mutum.

Anti Mai Hoton Mata:
Haba Ɗan Gumel, yaro ya zo da kuka ka ce ya je ya sayi jirgi? Kuɗin taka kyamarar ai ya isa a ɗaure sa a turke.

Mai Gyara na Dambatta:
Auta, kwantar da hankalinka, ba ta mutu ba. Amsa mini abu uku. A kan wane harafi ka bar dawurwurin sama? In ka leƙa ka danna rabi, ɗigo nawa ke yin ja? Sannan ka buɗe ɗaya daga cikin hotunan da suka lalace, ka danna INFO, ka karanto mini lambobin da ke jiki.

Auta Mai Hoto:
Oga a kan P take, inda ita ke saita ƙofa da sauri da kanta. Ɗigon kuma wani lokaci uku ke haskawa, wani lokaci ɗaya a gefe, ita ke zaɓa. Wannan na fitowar amarya an rubuta 1/13, F5.6, ISO 6400, 55mm. Ban ɗaga filasha ba saboda batir ɗaya gare ni, kuma tana sa fuska ƙyalli.

Mai Gyara na Dambatta:
To ga ciwonka nan gaba ɗaya a layi ɗaya. Cuta uku ka haɗa kana kiran su da suna ɗaya.

Ta farko, ka cire wa ranka cewa ISO na taimakon fokas. A irin kyamararka mai madubi, idon da ke ɗaukar hoto daban, idon da ke neman fokas daban. Na fokas ɗin wani ɗan ƙaramin abu ne a ƙasan akwatin madubi, ƙaramin madubi na biyu ne ke tura masa ɗan haske. ISO na magana ne da babbar sensa kaɗai. Ko 12800 ka kai, shi wancan na ƙasa yana nan cikin duhunsa, bai san ma ka taɓa komai ba.

Ta biyu, ka jawo su har 55mm. Wannan lens ɗin a 18mm ƙofarsa na buɗewa har 3.5, amma kana murɗa shi zuwa ƙarshe sai ta tsuke ta koma 5.6. Hasken da ke shiga ya ragu fiye da rabi, da hannunka ka rufe wa kanka taga.

Ta uku, shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga: 1/13 na daƙiƙa. Amarya na tafiya, ƙawaye na ture-ture, kai ma hannunka na rawa. Ko da fokas ya zauna daram, a wannan saurin dole su fito kamar hayaƙi. Ka duba da kyau: in katanga ta fito tsaf mutane sun yi dishi-dishi amma ba su ja jela ba, fokas ne ya tafi bango. In mutane sun ja jela, motsinsu ne. In har ƙwan lantarkin ma ya ja layi kamar tsutsa, hannunka ne.

Auta Mai Hoto:
Wallahi Oga duk ukun akwai. Amma jawowar dole ce, ni namiji ne, cikin mata ne fal, daga bakin zaure na tsaya.

Anti Mai Hoton Mata:
Ka ga inda muka fi ku kenan, hhh. Ƙanena, tun da rana za ka nemi babbar ƙawa ko gwaggon amarya, ka gaishe ta, ka ce Gwaggo in za a fito da ita ina so a ba ni wuri kusa da ƙofa na minti biyu. Ba a hanawa in an nemi izini, kutsen ne ba a so.

Sai maganar lulluɓi. Kyamara ba mutum take gani ba, iyaka take nema, inda fari ya haɗu da baƙi. Ka ɗora mata ɗigo a tsakiyar mayafi mai launi ɗaya, ko da rana sai ta yi ta lalube, balle da dare. Ni abin da nake nema shi ne hannun amarya da ke riƙe da bakin mayafin, wurin da lalle ya zauna kan fata, ko awarwaro, ko aikin duwatsun gefen gyale. In namiji ne, bakin hula inda ta haɗu da goshi, ko aikin wuyan babbar riga. Kana ɗora ɗigon a nan za ka ji ƙit, ta kama.

Mai Gyara na Dambatta:
Anti ta faɗi gaskiya. Ka ƙara da wannan: 600D ɗigo tara gare ta, amma na tsakiya ne kaɗai mai gicciye, wato yana ganin layi a tsaye da a kwance. Sauran takwas ɗin layin ɓangare ɗaya kawai suke gani. Da ka bar ta ta zaɓa, sai ta duba ko'ina, mutane na cikin duhu, katanga na ƙarƙashin ƙwai ga tsaga baƙa ƙirin, ta ce to ga abin da maigida ke so. Ka zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai ka bar shi a nan. Ka kama fokas da shi, ka riƙe rabin dannawa, ka ɗan karkata ka daidaita hoton, sannan ka ƙarasa.

Ɗan Gumel:
Duk wannan wahalar don me? Ni fa gaskiya nake faɗa ko ba daɗi. Oga Mai Gyara, tsakaninka da Allah, tawa da tasa ɗaya ne a duhu?

Mai Gyara na Dambatta:
Ba ɗaya ba ne, ban ce ɗaya ba ne. A takardar kamfani, iyakar duhun da fokas ɗin 600D ke aiki -0.5 ne a ma'aunin haske na EV, taka -3, haka ma ɗigon tsakiyar Canon 6D. Kowane mataki ɗaya rabin haske ne, to ka ga taka na kamawa a hasken da ya gaza na tasa fiye da ninki biyar. Amma ka sa wa taka lens mai 5.6, ka tsaya a bakin zaure, ka bar ta a 1/13, mu ga abin da za ka kawo.

Baba Mai Yashica:
Salamu alaikum. Jikana ne ya karanto mini, na ce a rubuta. Yara kuna ba ni mamaki. Mu da muka yi yawon ƙauyukan Haɗeja da keke, wane fokas ne ke kama mana kansa? Fim guda 36 ne a ciki, ASA, wato ISO ɗin zamaninmu, 100 ko 200, in ka samu 400 ka yi sallah. Ba allon dubawa. Sai an kai Kano an wanke, bayan kwanaki ka san ko ka yi aiki ko ka yi ɓarna. Da dare abin da muke yi, lens akwai lambobin nisa a jiki. Ka sa a mita 3, ƙofa a 8, filasha a sama. Ka san takunka huɗu mita 3 ne. Duk wanda ya shigo wannan tazarar ka harbe shi, kuma zai fito. In amarya za ta fito, ka san ta ƙofa za ta fito, ba ta sama ba. To ka auna ƙofar tun kafin ta fito mana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Auta Mai Hoto:
Allah Ya ƙara girma Baba. Amma nawa lens ɗin babu lambobin nisa a jiki.

Mai Gyara na Dambatta:
Ba sai da lambobi ba. Dabarar Baba tana aiki har gobe. Ka tsaya inda za ka tsaya, ka sa yaro ya tsaya a bakin ƙofar ya haska fuskarsa da tocilan waya, ka kama fokas a kansa, sannan ka tura ɗan makunnin jikin lens daga AF zuwa MF, wato daga fokas da kanta zuwa fokas da hannu. Shi ke nan ta daina farauta, duk lokacin da ka danna za ta ɗauka. Sharaɗi kawai kada ka gusa, kada ka taɓa zoben gaba.

Baba Mai Yashica:
Yauwa. ISO kuma kada ka wuce 400. Duk abin da ya wuce nan ƙazanta ne.

Malamin Kimiyya:
Baba, a gafarce ni, nan kam zan saɓa maka kaɗan. Da filasha a hannu 400 ta isa, gaskiyarka. Amma wanda ba shi da ita in ya tsaya a 400 shota za ta sauka ƙasa da 1/13 ɗin ma.

Bari in faɗi yadda nake gaya wa ɗalibaina. Ka jera faranti goma a tsakar gida ana yayyafi, ka kwashe bayan ɗan lokaci. Wani ɗigo uku ya samu, wani bakwai, wani ko ɗaya. Amma in ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, duka za su cika kusan daidai. Sensar Auta faranti miliyan 18 ce, haske kuma ɗigo-ɗigo yake sauka. In ya yi ƙaranci, wannan rashin daidaiton tsakanin faranti da maƙwabcinsa shi ne yashin da kuke gani. Wato yashin daga ƙarancin haske ya fito. ISO murɗa rediyo ne kawai a gajeren zango lokacin da tasha ta yi nisa: murya ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru, amma ba murɗawar ce ta haifi shuuu ɗin ba.

Abin da ya fi muni shi ne mutum ya ji tsoro ya tsaya a 800, hoto ya fito duhu, ya je kwamfuta ya ɗaga shi. A tsofaffin Canon irin wannan, sai ka ga inuwa ta cika da ɗigon ja da kore har da layi-layi, ya fi na 3200 da aka ɗauka daidai muni nesa ba kusa ba. Kuma mu fatarmu baƙa ce, fuska na faɗawa ɓangaren inuwa, ga ango da abokansa cikin farar shadda suna ruɗin ma'aunin kyamara ta ƙara rage haske. Fuskar ce ke shan wahala.

Anti Mai Hoton Mata:
Malam ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Kuma yashin nan mu ne muke ganinsa saboda muna buɗe hoto a allo muna zuƙowa har cikin hanci. A wanke shi inci 5 da 7 a sa a albam, ko a tura a waya, wallahi ban taɓa samun wadda ta ce Anti hoton nan da yashi ba. Amma a ce fuska ba ta fito ba? Har gida za a biyo ki.

Baba Mai Yashica:
To na ji. Zamani riga ne. Amma a firem babba na ɗakin amarya yashin zai fito, ku rubuta ku ajiye.

Malamin Kimiyya:
Wannan kam haka ne Baba. Na firem da rana ake ɗaukarsa.

Na Filin Dambe:
Ku yi haƙuri in sako tawa. Ni dambe nake ɗauka bayan kaka, kuma yawanci sai yamma ta yi lis ake sa zare, manyan wasa har a kunna fitila. Ina da filasha ta waje mai fitar da jan haske don fokas, amma a filin dambe jan hasken ba ya fitowa sam. A gida in na gwada yana yi. Aljanun filin ne?

Mai Gyara na Dambatta:
Hhh ba aljanu. A filin kana sa AI Servo don ta bi motsi, ko ba haka ba? Jan hasken ba ya aiki sai a One Shot, inda take kama fokas sau ɗaya ta tsaya. Haka Nikon ma, fitilarta ba ta kamawa a AF-C, wato nasu Servo ɗin. Haka aka ƙera su. Kai dai zaɓinka biyu: ko ka koma One Shot ka jira lokacin da suka tsaya suna auna juna kafin a kai duka, ko ka bar Servo da ɗigon tsakiya ka ɗora a kan zaren hannu ko layun da ke ɗamara, inda akwai iyaka. Shota kuma kada ta gaza 1/500 in kana son hannun ya tsaya, ISO ta tafi duk inda za ta je.

Na Filin Dambe:
Shekara biyu ina zargin wanda ya sayar mini. Allah Ya yafe mini.

Ɗan Gumel:
Ka ga irinta ko. Ku sayi kaya na zamani ku huta.

Na Filin Dambe:
Ɗan Gumel in ka kawo taka filin nan ƙura ta shige ta sau ɗaya, kai da kanka za ka shiga fili ka nemi abokin karawa.

Anti Mai Hoton Mata:
A dawo kan Auta don Allah. Ƙanena, in ka samu kuɗi, kafin ka yi tunanin sabuwar kyamara, lens mai buɗe ƙofa har 1.8 za ka nema. Amma ka yi tambaya kafin ka biya, kada ka yi irin tawa. Ni Nikon D3200 gare ni. Na shiga Kano na sayi 50mm 1.8D a wani shago, mai shagon ya rantse zai yi. Na dawo Kazaure na ɗaura, ko motsi. Ashe mai D ɗin ba shi da mota a cikinsa, jikin kyamara ne ke juya shi, su kuma D3200 da 'yan uwanta ba su da wannan motar. Sai mai AF-S. Da ƙyar aka karɓa aka canza mini da 35mm 1.8G, na yi ciko. Ashe alheri ne, don 50 a ɗakin amaryar ƙauye, ga gado ga jeren kwalla ga kujeru, bayanki na jikin bango amma kai da kafaɗa kawai za ki samu.

Malamin Kimiyya:
Lissafin ma na bayanta. Daga 5.6 zuwa 1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninki 10. Kuma kyamara mai madubi tana neman fokas ne da ƙofa a buɗe gaba ɗaya, ko da ka saita za ka ɗauka a 4, sai lokacin dannawa take tsukewa. Saboda haka shi wancan ƙaramin idon na ƙasa da Oga ya ambata yana amfana kai tsaye. Sai dai a Canon irin ta Auta ana ninka tsawon lens da 1.6, 50 ya zama kamar 80.

Mai Gyara na Dambatta:
Kuma a yi hattara da 1.8 ɗin. A 50mm, mutum na nesa da kai mita 2, abin da zai fito tsaf daga gaba zuwa baya bai wuce santimita 11 ba, ko taƙi ɗaya bai kai ba. Ka jera ƙawaye layi biyu ka ɗauka a 1.8, na gaba su fito na baya su narke, ka dawo nan kana cewa kyamara ta mutu. Mutum ɗaya 2 ko 2.2, taro 4 zuwa sama. Ga Canon akwai 24mm 2.8 ɗan siriri, ya fi dacewa da ɗaki.

Auta Mai Hoto:
Na gode ƙwarai. Amma ni yanzu ko kuɗin mai sai na yi aiki. Da abin da ke hannuna fa? Ranar Juma'a ina da walimar sauka, ita ma har dare.

Anti Mai Hoton Mata:
Kana da fitilar sola irin mai faɗin nan ta masu shayi? Ko aro ka yi. Ka rufa mata farin hankici ko farar leda don kada ta kashe ido, ka ba ƙaninka ya riƙe, ba a bayanka ba, a gefe kaɗan kuma sama da kai. Haske ɗaya ya magance uku: fokas ya samu abin kamawa, shota ta ƙaru, yashi ya ragu. Ni yarinyata da ke bina aikinta kenan, har ta fi ni sanin inda za ta tsaya.

Mai Gyara na Dambatta:
Ka bar P ka koma M, inda kai ne za ka saita komai da hannunka. Lens tsakanin 18 da 24, ka matsa da ƙafarka. Ƙofa a buɗe iyakarta. Shota 1/80 ga masu zaune, 1/125 ga masu tafiya. ISO 3200, in bai isa ba 6400, kada ka ji kunya. One Shot, ɗigon tsakiya. Kada ka yi fokas ta allon baya, a 600D wannan hanyar a duhu ta fi kunkuru nawa, sai daga 70D ta 2013 Canon suka gyara abin sosai.

Filashar jikinta ma ba haram ba ce. In ka ɗaga ta, ita ce ke yin farr farr ɗin nan kamar walƙiya don taimakon fokas. Na san tsofaffi ba sa so, kuma kada ka kuskura ka yi wa doki a fuska ranar hawa. Abin da ke sa fuska ƙyalli baya ya yi baƙi ƙirin shi ne barin ISO a 100. Ka sa 1600, shota 1/60, ka rage ƙarfin filashar da mataki ɗaya. Fitilun wurin za su fito, filasha ta tsayar da fuska. Da filasha ba ta wuce 1/200, kada ka ce ta lalace.

Ɗan Gumel:
Ka harba filasha sama ta dawo daga silin, ya fi laushi.

Na Filin Dambe:
Wane silin a tsakar gida? Sai dai ta dawo daga farin wata.

Baba Mai Yashica:
Ko a ɗakin ma azara ce ko kwano. Mu farin kati muke ɗaurawa da roba.

Malamin Kimiyya:
Ƙari ɗaya kan janareta. In ka ga ka ɗauki hoto biyu a jere ɗaya ya fi ɗaya haske, ko launi ya canza, ba kyamara ba ce. Lantarkinmu na juyawa sau 50 a daƙiƙa, dogon ƙwai da wasu ƙwayayen LED masu araha suna ƙiftawa sau 100, ido ba ya gani amma shota mai sauri tana kamawa. 1/50 ko 1/100 ya fi zama lafiya. Ƙaramin janareta kuma in aka ɗora masa lasifika yana sama yana ƙasa, sai ka ɗauki biyu-biyu.

Mai Gyara na Dambatta:
Tunda hunturu ya shigo, Auta, yaushe rabon da a share ta? Wancan idon fokas ɗin sama yake kallo, duk ƙurar da ta shiga lokacin canza lens a kansa take kwanciya. Rabin waɗanda ake kawo mini daga ƙauye da kukan fokas, ƙura ce. Ka nemi robar hura iska, ka kifa kyamarar baki ƙasa ka hura. Kada ka hura da baki, yawu ne. Kada ka cusa bakin riga. In akwai gilashin kariya mai araha a gaban lens, cire shi da dare, shi ke sa ƙwai ya fito biyu. Gobe da hantsi ka manna jarida a bango ka ɗauka da ɗigon tsakiya. In rubutu ya fito tsaf, lafiyarta ƙalau. In bai fito ba, kawo mini ita ranar kasuwa.

Anti Mai Hoton Mata:
Duk mun yi ta kyamara mun manta da yayan amarya. Ƙanena, ɗaga wayar nan. Ɓuya ce ke ɓata suna, ba hoto ba. Ka je da kanka ka ce Yaya na dare ba su yi yadda nake so ba, a ba ni dama in dawo in ɗauki amarya a ɗakinta da rana, ba sai an ƙara ko sisi ba. Lallenta bai goge ba tukuna. Ka zaunar da ita kusa da ƙofa, haske na shigowa ta gefe, jere na bayanta. Wannan hoton shi za ta rataye.

Ɗan Gumel:
Na daren kuma ka mayar da su baƙi da fari, yashin sai ya zama ado.

Anti Mai Hoton Mata:
A ƙauye? Sai uwar miji ta ce an mayar mata da suruka mutanen da. Kar ka soma.

Baba Mai Yashica:
Ka tafi da goro.

Auta Mai Hoto:
Salam. Na dawo da rahoto, ku yi haƙuri kwana biyu ba caji. Jaridar ta fito tsaf, har ƙananan rubutu, don haka Oga ba sai na kawo ta ba. Ƙauyen na koma ranar Laraba da goron Baba. Yayan ya yi faɗa sosai, ya ce hoton fitowarta daga gidan ubanta ba a maimaita shi, kuma ban da bakin magana. Ya rage wani abu a cikon kuɗina. Amma an bar ni na ɗauki amarya a ɗaki, har kishiyar uwar mijin ta sa mayafi ta ce ita ma sai an yi mata.

Walimar Juma'a na bi yadda kuka ce. Fitilar mai shayin unguwarmu na ara, ƙanena ya riƙe. A kan allon da ke hannun masu saukar nake ɗora ɗigon, wurin zayyana, kamawa take nan take. Guda 90 na ɗauka bayan isha, 12 kawai na zubar, yawancinsu lokacin da aka fara rabon waina ne yaron ya saki fitila tana haska ƙasa.

Sai dai wata sabuwa: fuskokin sun yi shuɗi-shuɗi, bayansu kuma inda ƙwan janareta yake ya yi ja kamar gobara. Gyaran ɗaya na ɓata ɗayan.

Malamin Kimiyya:
Haske iri biyu ka haɗa, fitilar sola fari ne mai sanyi, ƙwan kuma ruwan ɗorawa. A RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil mai sauƙin gyaran launi, ko JPEG?

Auta Mai Hoto:
JPEG Malam. Katin 8 giga ne.

Anti Mai Hoton Mata:
Wane irin ƙyalle ka rufa wa fitilar?

Auta Mai Hoto:
Ban samu farin hankici ba Anti, hijabin ƙanwata na makaranta na yafa mata.

Na Filin Dambe:
Wane launi ne hijabin?

Auta Mai Hoto:
Sararin samaniya.

Mai Gyara na Dambatta:
Innalillahi. Turo guda biyu in gani, amma sai da safe, datata ta kusa ƙarewa.